CAJIN BATIRIN MOTA: A AUNA KAFIN A SAYA

Gabatarwa

Kowace safiya motoci suna tashi daga tashoshin Maiduguri, irin su Tashar Kano da Garejin Muna, cike da mutane da kaya. Waɗansu suna nufar Damaturu da Potiskum har zuwa Kano, tafiyar da ta kusa kilomita 600. Waɗansu kuwa suna bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru-Ngala a bakin iyakar Kamaru. Kafin a tashi, direba yakan duba baƙin mai, ya duba ruwan lagireto, ya zaga tayoyi. Amma da wuya a sami wanda zai tsaya ya tabbatar motarsa tana cajin batirinta, alhali kuwa rashin caji yana cikin manyan abubuwan da ke tsayar da mota a inda babu gari.

A wannan yanki, mutuwar mota a hanya al'amari ne da ya shafi rai. A shekarun da tsaro ya taɓarɓare an riƙa rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma, duk wanda ya makara sai ya kwana a waje. Jama'a ba su manta da abin da ya auku a Auno a watan Fabrairu na 2020 ba, inda aka far wa matafiyan da dare ya riska a bakin hanya, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Saboda haka duk abin da zai sa mota ta isa masauki da hasken rana ya cancanci a kula da shi.

Sau da yawa in mota ta ƙi tashi, sai a ɗora wa batir laifi, a sayi sabo. Bayan kwana uku sabon ya mutu, sai a ce altaneta ce, a sayo wata. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan, domin tun farko laifin na wata waya ne da ta yi tsatsa, ko na fanbel da ya saki. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: a auna kafin a kwance, a kwance kafin a saya.

Randa da rijiya

Mutane da yawa suna tsammani batir ne ke ba mota wuta. Gaskiyar magana, batir randa ce, altaneta ita ce rijiya. Randa ba ta haifar da ruwa, abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Babban aikin batir shi ne ya juya inji lokacin tayarwa, aikin da ke jan wuta mai yawa, sau da dama fiye da amfiya 100, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke ɗaukar nauyin kome: fitilu, fulogi, famfon mai, fanka, rediyo, da na'urar sanyaya mota. Abin da ya rage kuma ta mayar wa batir, ta cike gurbin da tayarwa ta bari.

In an bi wannan misali, fanbel shi ne igiyar guga, wayoyi kuwa su ne hanyar da ruwa ke bi daga rijiya zuwa randa. In igiya ta tsinke, ko hanya ta toshe, randa za ta ƙafe ko da rijiya tana cike. Wanda ya sayi sabuwar randa a irin wannan hali bai yi maganin kome ba.

Asalin wannan aiki ya samo tushe ne daga binciken Michael Faraday na Ingila, wanda ya gano a 1831 cewa in aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, sai wuta ta gudana a cikinta. Motocin da suna amfani da dinamo ne, wanda ba ya caji sosai sai inji yana gudu. A 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa altaneta a motocin da yake ƙerawa da yawa, kuma zuwa lokacin da aka soma harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna a 1975, altaneta ta riga ta zama ruwan dare a sababbin motoci. Fifikonta shi ne tana caji ko da inji yana silo, kamar a cunkoson kasuwa ko a layin shingen bincike.

Abin da ke cikin altaneta

Abubuwa shida ne a cikinta, kuma kowanne yana da irin ciwonsa.

1. Dunƙulen tsakiya. Ƙarfe ne mai juyawa, da waya a naɗe a cikinsa. In aka ba shi 'yar wuta kaɗan sai ya zama maganaɗisu. Fanbel ne ke juya shi, kuma yana juyi kamar ninki biyu zuwa uku na juyin inji.

2. Zoben waje. Naɗin waya ne kashi uku da ke kewaye da dunƙulen, ba ya motsi. A nan ake samun wutar.

3. Dayod. Wutar da zoben ke bayarwa mai kai-da-komo ce, irin ta gida, batir kuwa ba ya karɓar irinta. Dayod ƙofa ce da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. Akwai aƙalla guda 6 a kowace altaneta.

4. Ragileta, wadda tsofaffin makanikai ke kira katawut. Ita ce ke lura kada randa ta tumbatsa. Tana ƙara ko rage wutar da ke shiga dunƙulen tsakiya domin caji ya tsaya a wajen bolt 14.

5. Burushi biyu na gawayi, waɗanda ke goga wa dunƙulen wuta yana cikin juyi. Suna cinyewa a hankali, kuma canza su ba shi da tsada.

6. Boris na gaba da na baya, da fuli da fanka.

Duk waɗannan ana iya canza su ɗaya-ɗaya a yawancin altaneta. Ba kowace lalacewa ce ke bukatar sayen sabuwa ba.

Wayoyin altaneta

A bayan kowace altaneta, ko a takardar da ke manne a jikinta, akwai haruffa. Su ne jagora. Launin waya ba abin dogaro ba ne, domin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma a tsohuwar mota wataƙila an sha canza wayoyin.

B ko B+: Wannan ita ce babbar waya, mai noti. Tana ɗauke da dukan caji zuwa kan batir mai alamar +. Kullum akwai wuta a cikinta, ko da an cire makulli. Dole ta zama mai kauri. Ga altaneta mai amfiya 60 zuwa 70 ana son waya mai kaurin murabba'in milimita 10 ko fiye. Ga mai amfiya 100 kuwa, 16 zuwa 25. Siririyar waya a wannan wuri takan yi zafi, ta rage caji, wani lokaci ta ta da gobara.

L, ko D+, ko 61: Wannan ita ce wayar fitilar batir da ke gaban direba. In an murɗa makulli, wuta tana tasowa daga batir, ta ratsa ƙwan fitilar, ta shiga altaneta, sai fitila ta kama. In inji ya tashi, altaneta ta fara ba da tata wutar, sai ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo daidai, fitila ta mutu. A altaneta da yawa, musamman ƙirar Turai irin ta Bosch, wannan 'yar wuta da ke ratsa ƙwan ita ce ke farkar da dunƙulen tsakiya. Ƙwan yawanci mai wat 2 ne ko kusa da haka. In ya ƙone, ko aka cire shi, ko aka sa irin ƙananan ƙwayayen zamani marasa jan wuta, altaneta tana iya ƙin caji sam, ko ta ƙi farawa sai an taka totur da ƙarfi. An sha zubar da lafiyayyar altaneta saboda ƙwan fitila guda.

IG: Ana samunta a motocin Japan irin su Toyota. Wuta ce daga makulli da ke kunna ragileta, kuma tana bi ta fis. In fis ɗin ya ƙone, caji ya tsaya.

S: Wannan ita ce 'yar saƙon ragileta. Tana zuwa daga wajen batir don ta shaida mata ainihin ƙarfin wutar da ke can. In ta tsinke ko ta yi tsatsa, ragileta tana samun labarin ƙarya, caji ya rikice.

W: A waɗansu motocin dizal, wannan ce ke kai saƙo ga agogon da ke nuna juyin inji. Ba ta da ruwa da caji, kada a haɗa ta da batir.

Akwai kuma hanya ta ƙarshe wadda ba a cika tunawa da ita ba, watau hanyar komawa. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. Jikin altaneta yana haɗe da inji, inji yana haɗe da bodi ta wata kakkaurar waya, bodi kuma yana haɗe da kan batir mai alamar –. In makanike ya sauke inji ya manta bai mayar da wannan waya ba, ko ta yi tsatsa, caji zai raunana ko da kome lafiya yake.

Abin lura: soket biyu suna iya yin kama da juna sarai, amma jerin haruffansu ya bambanta. Haka kuma yawancin motocin da aka ƙera a 'yan shekarun nan, kwamfutar mota ce ke ba altaneta umarni. Irin waɗannan ba a yi musu dabarar yanke waya a ɗaura wata. Sai a nemi daidai irin tasu.

Yadda ake ɗaura altaneta

1. A kashe inji, a zare makulli, a fara cire kan batir mai alamar –. Dalili kuwa, in aka fara da na + kuma sufana ta taɓa bodi, za a yi tartsatsi mai ƙona hannu. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a soma aiki.

2. Kafin a cire kowace waya, a yi mata alama, ko a ɗauki hotonta da wayar hannu.

3. A ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe. A duba ko ta bolt 12 ce ko ta 24 irin ta manyan motoci, a duba yawan amfiya, da irin fuli, da haruffan soket. Wannan ya fi zama tilas in ta gwanjo ce.

4. A ɗaura ta, a sa fanbel, a tabbatar fulinta yana layi ɗaya da sauran. Ga fanbel irin na da, in an danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1. In ya saki zai yi santsi. In ya ɗaure da yawa zai kashe boris.

5. A ɗaure notin B+ sosai, a mayar da hularsa ta roba. A bi da wayar nesa da bututun hayaƙi da duk wani ƙarfe mai kaifi. Babban fis da ke kan wannan hanya, kada a maye gurbinsa da guntun waya.

6. Duk inda aka haɗa waya biyu, a matse su da maɗauri ko a liƙe da dalma, sa'an nan a rufe. Murɗa waya da hannu a naɗe da leda shi ne mafarin yawancin matsalolin da ke tasowa daga baya.

7. A mayar da kan batir, na + da farko, na – daga ƙarshe.

8. A murɗa makulli ba tare da tayarwa ba: lalle fitilar batir ta kama. A tayar: lalle ta mutu. Sa'an nan a auna.

Alamomin da mota ke nunawa

Mota ba ta mutuwa ba sallama. Ga kaɗan daga cikin alamominta:

Fitilar batir ta kama ana cikin tafiya: caji ya tsaya.

An murɗa makulli fitilar ba ta kama ba: wannan ba abin murna ba ne. Ko ƙwai ya ƙone, ko fis, ko burushi ya ƙare.

Fitilar tana ɗan haske dishi-dishi, an fi ganinsa da dare: wataƙila dayod ya lalace, ko wata waya ta saki.

Fitilun gaba suna dushewa a silo, su yi haske in an taka totur: caji ya yi rauni.

Ƙara mai tsini da safe, ko in an kunna fitilu: fanbel yana santsi. Gurnani kuwa daga jikin altaneta, boris ne.

Ƙwayayen fitila suna yawan ƙonewa, batir yana zafi, yana shanye ruwa, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai: caji ya wuce kima. Wannan ya fi rashin caji haɗari.

Mota ta kwana lafiya, da safe batir ya mutu: wani abu yana shan wuta da dare. Yana iya zama rediyo, ko fitilar but, ko lalataccen dayod da ke barin wuta ta koma baya.

Awo biyar kafin a sayi kome

Mitar auna wuta ba ta kai kuɗin batir ba ko kusa, kuma duk mai gyaran wayar mota na kirki yana da ita. A sa ta a kan bolt 20 na wutar batir. Direba yana da iko ya ce, "Malam, don Allah a auna mini in gani tukuna." Mai sana'ar da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba.

Awo na ɗaya, na ido da hannu. A duba fanbel: ya tsattsage? yana ƙyalli? mai ya jiƙa shi? A girgiza kawunan batir, a duba farin gari ko kore a kansu. A duba notin B+ da soket da fis.

Awo na biyu, inji a kashe. Bayan mota ta huta, a auna kawunan batir. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 kamar rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. In ya yi ƙasa, a kai shi a yi masa caji tukuna, domin awo da mataccen batir yana ruɗarwa.

Awo na uku, inji yana aiki. Ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.7. A kunna fitilu da fanka, a ɗan taka totur. Kada ya sauka ƙasa da 13 da 'yan kai. In ya tsaya a 12 da wani abu yana raguwa, babu caji. In ya haura 15 ya zauna, ragileta ko wayar S ce ke da laifi. Ga babbar mota mai bolt 24, a ninka waɗannan adadi biyu. Motar da kwamfuta ke sarrafa cajinta kuwa tana iya hawa da sauka da gangan, don haka a duba littafinta.

Awo na huɗu, na hanya. Wannan shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi tona asiri. Inji yana aiki, fitilu a kunne, a sa baki ɗaya na mita a notin B+, ɗayan a kan batir mai +. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Sa'an nan a sa baki ɗaya a jikin altaneta, ɗayan a kan batir mai –. A nan kada ya wuce bolt 0.2 zuwa 0.3. In ya wuce, rijiya lafiya take, hanya ce ta toshe. A kankare mahaɗai da samfefa, a ɗaure, ko a canza wayar.

Awo na biyar, na ɓarawon dare. A kashe kome, a rufe ƙofofi, a jira 'yan mintoci. A cire kan batir mai –, a sa mita tsakani a kan awon amfiya. Lafiyayyar mota ba ta cika jan fiye da amfiya 0.05 ba. In ta wuce sosai, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sa adadin ya faɗi.

Sai waɗannan sun nuna laifin a cikin altaneta yake, sa'an nan a kwance ta.

Gargaɗi

Kada a cire kan batir inji yana aiki. Wannan tsohuwar al'ada ce ta zamanin dinamo: a cire kai, in mota ba ta mutu ba a ce tana caji. Batir shi ne ke shanye hauhawar wuta. In aka cire shi farat ɗaya, wutar altaneta tana iya yin tsalle zuwa bolt 60 ko fiye cikin ƙiftawar ido, ta ƙona dayod da ragileta da kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya ninka na mita sau da yawa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kada a goga wayar B+ a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi.

Kada a juya kawunan batir. Ko na daƙiƙa ɗaya ne, ya isa ya kashe dayod.

Kada a yi walda a jikin mota sai an cire batir da wayoyin altaneta.

In za a ɗauki wuta daga wata mota, a haɗa + da +, sa'an nan – na lafiyayyen batir da ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirinta. Batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta, saboda haka ba a kusantarsa da taba ko ashana.

In ruwan batir ya fantsama a ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a tafi asibiti.

Tsohon batir yana cike da dalma, wadda guba ce. Kada a fasa shi a cikin gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma dalmar batir ba ta da bambanci da waccan. A mayar da shi ga mai sayar da batir.

Zafi, ƙura da ruwa

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40, na ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa. Zafi shi ne babban maƙiyin batir: yana ƙafar da ruwansa, yana cinye farantansa. Saboda haka batir a Borno ko Sakkwato ba ya daɗewa kamar a ƙasa mai sanyi. In batirin mai murafu ne, a duba ruwansa kowane mako biyu a lokacin bazara. A ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir kaɗai. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana da gishiri-gishirin da ke kashe batir, kuma ba a ƙara asid a batirin da ke aiki.

Farin garin da ke taruwa a kawunan batir ana wanke shi da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, domin kanwa tana kashe kaifin asid. A kula kada ruwan ya shiga cikin batir. In ya bushe a ɗaure, a shafa giris kaɗan.

Ƙurar hunturu tana shiga altaneta ta kafofin iska. In ta gamu da man da ke yoyo daga inji sai ta zama laka, ta toshe iska, ta danne burushi. A gyara yoyon mai, a riƙa hure altaneta da iska.

Ruwa ma yana da nasa. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta taɓa yi a 1994, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, har da Gwange da kewayen fadar Shehu, motoci masu yawa suka nutse. Motar da ta sha ruwa, a ko'ina take, kada a yi gaggawar tayar da ita. A cire batir, a tabbatar ruwa bai shiga inji ba, a kwance altaneta a wanke yashi, a shanya, a duba boris, a buɗe kowane soket a busar. Tsatsar irin wannan mota takan ɗauki watanni kafin ta bayyana, don haka mai sayen tsohuwar mota ya duba soket da akwatin fis da kyau.

Akwai kuma wata al'ada da ƙarancin lantarki ke haifarwa. A 2021, da aka lalata turakun layin Damaturu, Maiduguri ta yi watanni cikin duhu. A irin wannan hali mutum yakan mai da batirin motarsa fitilar gida, da safe a tura mota, a bar altaneta ta cika shi. Batirin mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi ƙaf ba; kowace zuƙewa tana rage masa kwana. Altaneta kuma in aka bar ta da mataccen batir, za ta yi ta aiki da iyakar ƙarfinta cikin zafi har ta ƙone. Batirin da ya mutu, a kai shi wurin caji.

In fitila ta kama a hanya

Mu ɗauka direba ya bar Maiduguri ya nufi Damaturu, tafiyar kilomita kamar 130, sai fitilar batir ta kama. Me zai yi?

Da farko ya dubi agogon zafi. A injuna da yawa fanbel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa. In ya tsinke, inji zai tafasa cikin 'yan mintoci, kuma ci gaba da tafiya zai kashe shi. Wannan shi ya sa ajiye fanbel na safiya a but, tare da sufana da fis, ya zama wajibi ga mai doguwar tafiya.

In fanbel lafiya yake, to mota tana shan abin da ke cikin randa ne. Batirin da aka rubuta wa 60Ah, in sabo ne kuma cike, zai iya ba da amfiya 30 na kamar sa'a biyu a lissafin takarda. Mota da dare, da fitilu da fanka da famfon mai, tana iya jan kusan haka. Amma batir ba kullum yake sabo ko cike ba, kuma inji yakan mutu tun kafin batir ya ƙare, don haka kada a sa rai da fiye da sa'a guda. A kashe rediyo da na'urar sanyaya da cajin wayoyi. Kada a kashe inji, domin tayarwa ita ta fi cin wuta. Kada kuma a kashe fitilun gaba da dare don tattali. A tsaya a gari na farko mai jama'a da mai gyara, ko Jakana ne, ko Benisheikh, ko Ngamdu. Kada a ce bari a lallaɓa a ƙarasa.

Kammalawa

Direba ba sai ya zama mai gyaran waya ba, amma ya kamata ya san abu uku: fitilar batir ta kama in an murɗa makulli ta kuma mutu in an tayar, mita ta nuna wajen bolt 14 inji yana aiki, fanbel da kawunan batir su kasance a ɗaure, da tsabta. Duba waɗannan ba ya cin minti biyar. Shugabannin tasha da masu motocin haya za su yi wa jama'a babban taimako in suka ajiye mita guda a tasha, kowace mota a auna ta kafin ta yi lodi. Masu koyar da yara sana'a a gareji kuma su koya musu riƙe mita tun kafin su koya musu riƙe sufana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.